Sakin da Kofur Ya Yi a Talabijin

Ƙanwata ta yi shekaru tana fitowa a wasan kwaikwayo na talabijin, amma ba a taɓa gina labari a kanta ba. Ita ce maƙwabciyar da za ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Lafiya nake jin hayaniya?" Ita ce mai tuwon bakin tasha. Ita ce matar da aka sace wa akuya, ta zo caji ofis da guntun igiya a hannu tana kuka. Sau da yawa kafin in taɓa na kusa da ni in ce ga ta nan, har ta wuce. Ita kuwa abin bai taɓa damunta ba. Takan ce ita daddawa ce, ba a ganinta a miya, amma in babu ita kowa zai sani.

Mahaifinmu ya rasu tana budurwa, saboda haka ni na zama waliyyinta, ni na ba da aurenta. Mijin kafinta ne a Kano, shi yake haɗa wa gidan talabijin ɗakunan katako da ake wasa a ciki. Mutum ne mai sanyin hali, ga tumbi ga gashin baki, in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Ta dalilinsa ta shiga harkar. Wata rana aka rasa wadda za ta zauna gaban kasko ta yi mai ƙosai, ya je gida ya ɗauko ta. Ni kuwa ina Kafin Maiyaki da injin niƙana, ina riƙe da Inna, mahaifiyarmu.

A zamanin mulkin soja ne aka fara wani wasa na 'yan sanda da ake nunawa mako-mako. Tun daga farko ya tayar da ƙura. Ana nuna wani Kofur yana tsare motoci a shinge yana karɓar na goro, in mutum ya yi gardama ya jefa shi bayan kanta. 'Yan sanda suka ce ana zubar musu da mutunci. Wasu dattawa suka ce ana koya wa ɓarayi dabara. Direbobi kuwa suka ce ai ba a ma faɗi rabin gaskiya ba. Malamai nasu ƙorafin daban ne: yaya za a haɗa namiji da macen da ba tasa ba a ɗaki ɗaya, yana ce mata uwargida tana ce masa maigida?

Surukina ne Kofur. Tumbin da gashin bakin ne suka jawo masa. Da ya sa kayan sarki ya riƙe kulki sai ya koma wani mutum, yana daka tsawar da ban taɓa sanin tana cikinsa ba. Don a toshe bakin malamai, mai shirya wasan, wanda suke kira furodusa, ya ce to matar Kofur ta gaskiya ita za ta fito a matar Kofur. Da labarin ya iso mini babu wanda ya kai ni murna. Dama kullum ina kwana da tunanin abin da zan ce ranar lahira in aka tambaye ni amanar yarinyar nan. Yanzu ga ta da mijinta na sunna, ko ɗaki ɗaya aka sa su babu mai cewa komai.

A garinmu talabijin ɗin jama'a a ƙofar gidan dagaci take, cikin wani akwatin ƙarfe, ana tayar mata da janareto bayan sallar magariba. Maza a kan tabarmi a gaba, mata da yara daga baya. Ranar wasan 'yan sanda har daga Ba'awa ake zuwa a kan kekuna. Ni wurina ɗaya ne kullum, kusa da Baba Ladan, tsohon da yake kiran salla a masallacin unguwarmu. Yakan ce ba kallo yake zuwa yi ba, zuwa yake ya ga irin ɓarnar da ake yi, amma bai taɓa fashi ba.

A wannan ranar, cikin kaka, aka nuna Kofur ya ƙwace wa wani Bafulatani kaji biyu a shinge ya kawo gida. Ya jefa su gaban matarsa ya ce a yi masa farfesu. Ƙanwata ta dubi kajin, ta dube shi, ta ce, "Ni ba na dafa kazar zalunci. Tukunyata ta gado ce." Wurin ya ɗauki sowa. Ban taɓa ganin an bar ta ta yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ta wanke shi tas, ta ce albashinsa ko na gishiri ne ya fi mata albarka. Har na fara gyara zama ina duban mutane don su san jinina ce.

Sai muryar Kofur ta tashi: "Ni kike faɗa wa haka? Tattara kayanki. Na sake ki, saki uku!"

Mata suka ɗauki salati, samari suka fashe da dariya. Aka sa kiɗan tashi. Baba Ladan bai motsa ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Ɗan nan, wannan ba shi ne mijin nata na gaskiya ba?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Wanda muka ɗaura musu aure a zaurenku?"

"Shi ne."

Ya yi salati ya tafa hannu. "To ai saki ba a wasa da shi. Ko da dariya miji ya furta wa matarsa, ya furtu. Ga shaidu kuwa, ƙasa guda."

Wani malamin firamare da yake bayanmu, da nufin ya kwantar mini da hankali, ya ce, "Haba Baba, ai ba yau aka yi ba. Irin wannan tun kafin damina ake ɗauka a ajiye."

Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Ashe tun kafin damina. Ke nan duk watannin nan suna zaune gida ɗaya, tana dafa masa, ga 'ya'yansu a tsakani, alhali babu aure. Kuma saki uku ba shi da kome. Abin da na yi murna da shi, cewa an haɗa ta da mijinta, shi ne ya zama wuƙar. Da wani ƙato can daban ne ya furta, da iska ce kawai.

Washegari a wurin niƙa ban huta ba. Wata dattijuwa ta sauke ƙwaryar dawarta ta ce, "Ashe 'yar gidanku ta fito? Allah ya sa haka ne mafi alheri. In ta gama idda akwai ɗan wana a Doguwa, yana da shanun huɗa." Wani direban a-kori-kura ya leƙo ya ce in gaya wa Kofur ya yi asarar mace. Su wasa suke yi, na sani. Ni kuwa sai da na zuba wa wata mata gero a kan masararta.

Na je wurin malamai biyu. Na farko ya ce wasan kwaikwayo kamar ba da labari ne, sai an duba niyya. Na biyu ya ce shi dai ba ya son kusantar abin da ya shafi igiyar aure, a kira mijin a ji daga bakinsa. Da wani ne ya ji na farko, da sai ya koma gida ya yi barcinsa. Ni zuciyata ba ta iya riƙe sassauci, kullum mai nauyin take ɗauka. In na tayar da salla sai in ji "saki uku" a kunnena, in rasa raka'ar da nake.

Na so in ɓoye wa Inna. Ba ta zuwa kallo, ta ce idonta ba ya son hasken. Amma labari ba ya kwana a gidan mata. Da na shigo da la'asar na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta kaɗi ba ta tsinkar zogale, hannu biyu a cinya.

"An ce ya sake ta a cikin akwatin."

"Wasa ne, Inna."

"In wasa ne me ya hana ka cin tuwo tun shekaranjiya?" Ta dube ni. "Je ka dubo mini 'yata. In auren ya mutu ka taho da ita da yaran. Ba za ta zauna zaman haram ina raye ba."

Ba sai na je Kano ba. Saboda rigimar wasan, 'yan sanda sun hana su aron caji ofis, har sukan kore su in sun kafa kyamara a titin birni. Sai suka koma wani ƙauye a gefen Bebeji, suka sami tsohon siton auduga suka yi masa fenti ya zama ofishin Kofur. Surukina ya gaya mini haka da kansa lokacin da ya biyo sayen masara. Da safe na rufe inji na hau motar kasuwa. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. In ce mata tashi mu tafi? In fara da shi? In ya ce ba zai ba da yaran ba fa?

Na sauka na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa da aka fara yanka. Daga nesa na hango ganguna biyu da katako mai ƙusoshi a gicciye a kan hanya, da mutane cikin baƙaƙen kaya. Na san na wasa ne, amma sai da na ja na tsaya. Ba ni kaɗai ba ma. Wani manomi ya taho a kan keke da buhun gyaɗa, yana ganinsu ya dire ya cire hula ya fara laluben aljihu. Furodusa, wani siririn mutum mai tabarau, yana ta ɗaga masa hannu yana cewa, "Wuce, Baba, wuce, ba na gaske ba ne!" Manomin ya wuce yana waiwaye, bai yarda ya hau keken ba sai da ya yi nisa.

A gindin wani mangwaro na same su. Surukina yana zaune a kan benci ya cire takalman aikin yana shan iska. Ƙanwata tana gefensa tana dama masa fura, hularsa ta 'yan sanda a kan cinyarta.

"Lah, Yaya! Saukar yaushe? Ina Inna? Lafiya dai ko?"

Muka gaisa. Surukina ya durƙusa kamar yadda ya saba, da kayan sarkin da komai. Ta miƙo mini ludayi, na ce na ƙoshi. Ta ƙura mini ido.

"Yaya, wannan fuskar na san ta. Ko dai ka tuna ba ka kulle inji ba ne?"

Na ce su matso, magana ce ta sirri. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Mun ga wasan kaji."

"Ka ga yadda na yi? Wallahi furodusa cewa ya yi..."

"Mun ji abin da ya faɗa miki."

Ta dube ni. Sai ta ajiye ludayin, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, har da hawaye. "Wayyo cikina! Wato zuwa ka yi ka tafi da ni? Ka taho da motar kwasar kaya?"

Shi bai yi dariya ba. Ya ce mata, "Ke bari. Yaya yana da gaskiya." Ya juyo gare ni da ƙaramar muryarsa ta gida. "Yaya, ai mu ba a rubuta mana abin da za mu faɗa. Furodusa yakan ce ga yadda labari zai tafi, kowa ya yi da bakinsa. Ranar ya ce daga ƙarshe Kofur zai saki matarsa. Na ce a'a. Ya ce wasa ne. Na ce ko korata za a yi daga aikin, harshena ba zai furta wa uwar 'ya'yana wannan kalma ba. Ya ce to in rubuta a takarda in miƙa mata."

"Na ce masa rubutun ai ya fi muni," in ji ƙanwata tana share ido. "Ranar har rana ta take ba a ɗauki komai ba. Kajin ma sun gaji sun kwanta."

"To amma an faɗa," na ce. "Da kunnena na ji. Muryarka ce."

"Ka ga bakina lokacin?"

Na tsaya ina tunani. Fuskarta na tuna, ta cika akwatin, ido ya kawo ruwa. Shi ban tuna na gan shi ba.

"Kyamara a kanta aka juya," ya ce. "Ni ina waje ma, bayan ƙofa. Har ruwa na guntsa na riƙe a baki, don kada wasa ya ɗebe ni harshe ya kuɓuce."

"To wa ya yi maganar?"

Ƙanwata ta ɗaga murya ta kira wani. Wani dogon mutum ya taso, zai yi shekara arba'in, riƙe da doguwar sandar nan da ake ɗaura abin ɗaukar magana a kanta. Ta ce, "Don Allah yi wa Yayana Kofur."

Mutumin ya turo ciki gaba, duk da ba shi da shi, ya daka tsawa: "Kai direba! Ina takardunka? Faka nan!" Na waiwaya na dubi surukina. Bakinsa a rufe, yana murmushi. Mutumin ya sake murya ya yi furodusa, "Wuce, Baba, wuce!" Sannan ya langaɓe kai, ya tattare goshi, ya ce da wata siririyar murya mai rawa, "To amma an faɗa. Da kunnena na ji." Sai da kowa ya fashe da dariya na gane ni ne. Ashe yana jin mu.

Wani abu ya fara sauka daga ƙirjina, amma bai gama ba. Na kama hannun surukina. "Ba kai ka sa shi ba? Ba ka ce ya faɗa a madadinka ba? Don in ka wakilta shi..."

"Wallahi ban wakilta shi ba. Furodusa ne ya sa shi. Ni kafin in guntsi ruwan sai da na ce kowa ya shaida, abin da za a faɗa ba da yawuna ba ne, matata tana nan matata."

"Mun shaida," in ji mai ɗaukar hoto daga inda yake zaune. "Har sau nawa ya maimaita, sai da muka ce ya isa."

Na sauke numfashi. Sai kuma wani tunani ya faɗo mini, na juya ga dogon mutumin. "Malam, ka yi haƙuri. Kai fa da ka furta, naka iyalin..."

Ya dafa ƙirji. "Ni? Ko kaza ban ajiye ba, Yaya. Tuzuru ne ni, lamba ɗaya. Ai shi ya sa aka zaɓe ni. Yanzu duk sakin da za a yi a gidan talabijin ɗin nan ni ake kira. Na saki matan mutane sun fi a ƙirga, ban taɓa biyan sadaki ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi hamdala a fili, na sake yi. Ƙanwata ta turo mini ƙwaryar furar, na kafa kai sai da na ga gindinta. Surukina ya kalli ƙwaryar, ya kalle ta, ta ce, "Kai ka sha ruwa, ai ka saba riƙe shi a baki."

Na zauna na ga an ɗauki fitowarta ta ranar. A labarin ta koma gidan iyayenta, Kofur ya aiko a ba ta haƙuri. Abin da aka ba ta kaɗan ne: ta leƙo daga zaure, ta dubi ɗan aiken sama da ƙasa, ta ja tsaki ta koma. Sau ɗaya ta yi, furodusa ya ce ya yi. Wasan bai daɗe ba bayan nan aka dakatar da shi, aka ce daga sama ne umarnin ya zo. Ta koma mai tuwo da maƙwabciya a wasu wasannin, shi ya koma kan katakonsa, suna tare har furfura.

A motar komawa barci ya kwashe ni tun kafin mu hau kwalta. Ban farka ba sai da yaron mota ya girgiza ni a Tudun Wada, mun wuce garinmu da nisa. Na sayi rake na jira wata motar, ko haushi ban ji ba.

Inna tana nan inda na bar ta. Ta leƙa bayana ta ga babu kowa.

"Auren yana nan?"

"Yana nan daram, Inna."

Na zauna na ba ta labari tun daga kaji har ruwan da ya guntsa. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ta sa wa surukin albarka, ta shafa. Ta jawo tiren zogalenta ta fara tsinka. Can sai ta ce, "Shi wannan bawan Allah mai sanda, ka ce shekara arba'in ba mata? Ba shi da dangi ne? Ai ga 'yar gwaggonka nan zaune tun da mijinta ya rasu."

Na ce, "Inna, ki rufa mana asiri. In ya yi aure wa zai riƙa yi musu sakin?"